Buhu Mai Nauyin Tirela

Ranar da Allura ta fara taka gidan motsa jiki, da takalmin zuwa unguwa ta je, mai ɗan tudu a dunduniya, domin shi ne mai kyan da take da shi. Ta hau matattakala tana haki, ta tsaya a bakin ƙofa da jaka a hammata kamar wadda ta yi ɓatan hanya. Dogon ɗaki ne a saman shagon masu sayar da taya. Madubi ya cinye bango guda, an shimfiɗa baƙar roba a ƙasa, warin gumi da na turaren fesawa suna ta kokawa. Lokacin mata ne. Wasu suna gudu a kan inji ba tare da sun je ko'ina ba, wasu kuma, Allah ya shirya, ɗaukar kansu hoto kawai ya kawo su.

Wata gajeriyar mace mai faɗin kafaɗa ta taho tana goge wuya da tawul. Ita ce mai horar da su, Koci kowa yake ce mata.

"Sannu da zuwa, Mama. Rage ƙiba ne, ko..." Ta dube ta sama da ƙasa, ta haɗiye sauran maganar, don babu abin ragewa. Allura tun tana budurwa siririya ce, shekara hamsin da ɗinki ba su ƙara mata ko tsoka ɗaya ba.

"Mutum nake so in ɗaga," in ji Allura.

"Mutum?"

"Mijina."

Koci ta jawo mata benci. Nan Allura ta zauna ta faɗi abin da ya kawo ta, idonta a kan takalminta.

Mijinta direban babbar mota ne, ƙaton mutum mai ƙatuwar murya, abokan aikinsa suka sa masa Tirela har sunan ya bi shi gida. Shi ne kuma ya raɗa mata Allura tun suna sabon aure, wai in ta kwanta a gado sai ya laluba kafin ya same ta. Wata safiya yana ɗaura igiyar takalmi ya kife. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta koma da ƙyar. Yana asibiti tun lokacin. Likita ya ce ba za a sallame shi ba sai an tabbatar akwai wanda zai riƙa tayar da shi daga gado zuwa keken guragu, daga keke zuwa banɗaki, safe da yamma. 'Yarsu ɗaya ce, tana aure a wata ƙasa mai nisa, da goyo. Ƙaninsa ya ce a kai shi gidansa, yana da ɗaki a waje, zai ɗauko ƙarti biyu su riƙa kula da shi.

"Yaya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka," haka ƙanin ya ce mata a barandar asibiti, da kyakkyawar niyya. "Ke kanki iska in ta yi ƙarfi sai an riƙe ki."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta ji zafinta. Amma da ta koma ɗaki ta gaya wa Tirela shawarar, sai mutumin nan da ba ta taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da aka binne mahaifiyarsa, ya juya fuska bango. Kafaɗarsa mai lafiya tana rawa. Da ƙyar ta tsinci abin da yake faɗa. Ɗakinsa yake so. Tagarsa, da ƙarar kekenta na ɗinki. Ba ya son yaran da bai sani ba su riƙa tuɓe shi.

"Na ce masa ni zan kai shi gida, ni zan ɗaga shi," in ji Allura. "Na riga na faɗa."

Koci ta murza tawul. "Nauyinsa fa?"

"Da ya hau sikeli a kantin magani bara, ya haura kilo casa'in. Har mai kantin ya ce ya sauka kada ya ɓata masa sana'a."

"To. Mama, ba zan yi miki ƙarya ba, aiki ne. Amma ba sama za ki cilla shi ba. Miƙar da shi za ki yi a kan ƙafarsa mai lafiya, ki juya da shi, ki zaunar. Wannan ana koyonsa. Gobe ki zo da takalmi mara tudu."

Washegari ta zo da takalmin makaranta na 'yarta, wanda ta tono a ƙasan akwati. Ta ɗauka ƙarfe za a miƙa mata. Koci ta nuna mata benci ta ce ta zauna, ta tashi, ta zauna, ta tashi, ba tare da dafa gwiwa ba. Allura ta ji haushi. Ita da ta baro riguna uku ba ta sa musu hannu ba, a ce ta zo koyon zama? Kafin a je ko'ina cinyoyinta suka fara kaɗawa, ta zube a bencin tana neman numfashi. Da safe kuwa sai da ta rarrafa zuwa banɗaki, tana tsine wa Koci da duk wanda ya ƙirƙiro benci. Jiki magayi.

Ta koma duk da haka. Koci ba ta da tausayin baki, amma hannunta yana da shi. Takan dafa tsakiyar bayan Allura da tafin hannu ta ce, "Nan ba ya aiki, Mama. Baya na ɗinki ne, kin gama da shi. Cinya ce za ta ɗauka." Takan sa ƙafa ta ware mata ƙafafu. Takan ce ta daina riƙe numfashi kamar mai nutso. In Allura ta yi daidai, ba yabo, sai dai "Sake."

A lungun ɗakin akwai wani tsohon buhun naushi, dogo, fatarsa ta tsattsage, an daɗe da sauke shi daga ƙugiya. Koci ta farke bakinsa, ta zazzage tsummokaran ciki, ta sa masa zif. Ta ɗinko ƙananan jakunkunan yashi, ko kuma a ce Allura ta ɗinko su da kanta, don da ta ga ɗinkin Koci sai da ta yi salati. Aka zaunar da buhun a bakin benci, gindinsa a ƙasa, aka ajiye kujera a gefe.

"Ga maigida," in ji Koci. "Yau ba shi da nauyi, yana azumi. Duk lokacin da na ga kin iya, zan ƙara masa jaka ɗaya, har ya kai mijinki."

Ta koya mata yadda ake yi. Gwiwa ta tokare gwiwa. A durƙusa, baya a miƙe. A zagaya hannu biyu ta ƙarƙashin hammata, a haɗa su a baya.

"Matso da shi. Ƙara. Mama, kunyar me kike ji, ba mijinki ba ne? Rungume shi za ki yi, ƙirji da ƙirji. Kayan da ke nesa da jiki shi ke karya mutum."

Matan da ke kan inji suka tuntsire da dariya, Allura ta rufe fuska da mayafi. Ita da Tirela ba su taɓa riƙe hannu a gaban mutane ba.

"Abu na ƙarshe," in ji Koci, ta daina wasa. "In kin ce bismillah kin tashi, ki tashi gaba ɗaya. Kada ki gwada, kada ki ji tausayin kaya, kada ki tsaya a tsakiya kina shawara. Duk ƙarfinki, lokaci guda. Mai rabin zuciya shi ke faɗuwa da mara lafiya."

Wannan magana ta zauna wa Allura a ƙashi. Tana taka keken ɗinki tana maimaita ta.

Haka kwanakinta suka koma. Da safe buhu, da rana ɗinki, da la'asar asibiti. Takan same shi kwance, an ja masa bargo har wuya domin kullum sanyi yake ji, sanye da babbar rigar da ta ɗinka masa mai maɓalli a gaba. Ma'aikatan jinya maza sun riga sun yi masa wanka sun canza shimfiɗa kafin ta iso, haka ya roƙa, kuma ta bar masa wannan. Takan buɗe kula ta ba shi a baki. Ya karɓi cokali biyu, na uku ya kau da kai.

"Na ci... kafin ki zo."

"Ƙarya kake."

"Tambayi nas."

Ba ta taɓa tambaya ba. Tana da labari a baki, tana ɗokin ba shi. Ta gaya masa an ƙara wa buhu jaka, ta naɗe hannun riga ta nuna masa ɗan tudun da ya fara fitowa a damtsenta. Ya taɓa da yatsan hagu, rabin fuskarsa ya yi dariya.

"An ce... kin shiga soja."

"Kai dai ka shirya. Ranar da zan sungume ka sai ka kira mamanka."

"Komai ƙanƙantar allura..." Numfashi ya yanke masa, ita ta ƙarasa masa: ƙarfe ce.

Wani lokaci in ta miƙe za ta tafi, yakan riƙe bakin mayafinta. "Gobe... zo da safe."

"Da safe ina wajen Koci. Saura kaɗan, Maigida. Ba a fafe gora ranar tafiya."

Sai ya saki mayafin. Bai taɓa maimaita roƙon a rana ɗaya ba, shi ba mai naci ba ne.

'Yan dubiya kuwa ba su fasa zuwa ba, kowa da maganin da ya ji an ce, kowa da labarin wani da ya yi irin wannan ciwon ya tashi ko bai tashi ba. Su ne suke fita baranda suna kama baki suna cewa bawan Allah ya zube. Babu wanda ya faɗa a gabanta. Ita kuma idon da ke kallon fuska kullum ba ya ganin rama, balle idon da ya riga ya ƙudura abin da yake so ya gani.

Akwai ranar da buhun ya kayar da ita. An ƙara jaka, ta taso da shi rabi, ta ji nauyin, zuciyarta ta ce anya, sai ga ta a ƙasa buhu a kanta. Ba ta ji ciwo ba, amma ta kasa tashi. Ta kwanta a kan baƙar robar tana kuka kamar yarinya, tana cewa ƙanin Tirela ya yi gaskiya, wa ta kama, tsohuwar banza da ita. Koci ta janye buhun, ta kori masu leƙe da ido, ta zauna a ƙasa kusa da ita. Ba ta ce ta yi haƙuri ba. Sai da kukan ya lafa ta miƙa mata ruwa.

"Kin san abin da ya faru?"

"Na tsaya shawara."

"To tashi. Sake."

Watanni suka shuɗe a haka. Kafaɗun Allura suka cika rigunanta har sai da ta buɗe musu ɗinki. Ta daina haki a matattakala. Ran nan Koci ta zuge zif, ta jefa jakar yashi ta ƙarshe, ta zuge, ta ja da baya. Allura ta tokare gwiwa, ta durƙusa, ta rungume, ta ce bismillah. Buhun ya miƙe. Ta juya da shi, ta zaunar a kujera a hankali kamar ƙwai. Ɗakin ya kaure da tafi, har masu hoto suka ajiye waya. Koci ta juya baya tana gyara abin da bai lalace ba.

Ko gida ba ta biya ba, ta wuce asibiti da takalmin makaranta a ƙafa. Ta tare likita a baranda ta ce masa ta shirya, a zo a gwada ta. Likitan ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.

"Babu buƙatar gwaji, Hajiya. Dama ina neman ki. Ki kai shi gida. Zai fi samun natsuwa a ɗakinsa, cikin iyalinsa. Duk abin da ya nema a ba shi."

Ta yi ta godiya har da durƙusawa. Ita a kunnenta cewa aka yi ta ci jarrabawa.

Ranar sallama ƙanin Tirela ya kawo mota, ya shigo da nas biyu za su ɗora shi a keke. Allura ta ce kowa ya matsa. Ta yaye bargon, ta sauko masa da ƙafafu, ta zaunar da shi a bakin gado. Ta ware ƙafa. Gwiwa ta tokare gwiwa. Ta zagaya hannuwanta ta ƙarƙashin hammatarsa, a gaban ƙaninsa da kowa, ba kunya. Hannuwan nata suka haɗu a bayansa, suka wuce juna har gwiwar hannu. Ta ji hakan, amma jiki ya riga ya koyi karatunsa, ba ya tsayawa shawara. Ta ce bismillah, ta tashi da duk ƙarfinta, lokaci guda.

Tirela ya taso kamar kwando. Ƙafafunsa duka biyu suka bar ƙasa, goshinsa ya bugi haɓarta, ƙarfin da ta tanada wa kilo casa'in ya kwashe su baya, sai da bayanta ya daki bango. Ba ta sake shi ba. Ta tsaya jingine da bangon, mijinta a ƙirjinta, tana jin haƙarƙarinsa ɗaya bayan ɗaya ta cikin babbar rigar, tana jin ƙashin kafaɗarsa a tafin hannunta. Ko rabin buhun bai kai ba. Tun watanni da suka wuce za ta iya ɗaga wannan. Wataƙila tun ranar da buhun ya kayar da ita.

A nan maganar likita ta iso mata, da cokali biyun, da bargon, da masu kama baki a baranda.

Bakinsa yana daidai kunnenta. "Soja," ya ce a hankali. "Kin... yi yawa."

Ta so ta yi dariya don ta faranta masa, abin da ya fito daban ne. Ƙanin ya juya ya fita daga ɗakin.

Ta kai shi gida. Ta cika alkawari, wannan babu mai ƙwace mata. Ta kwantar da shi a gadonsa, ta jawo keken ɗinki kusa da taga inda zai riƙa ganinta. Tana ɗaga shi safe da yamma, daga gado zuwa keken guragu, daga keke zuwa banɗaki, babu baƙon hannun da ya sake taɓa shi. Sai dai duk ɗagawa tana gaya mata abin da ba ta so ta sani, domin hannun da Koci ta horar ya iya gane bambancin jaka ɗaya. Bai cika wata a gida ba. Ya tafi wata safiya, rana ta shigo ta taga, keken ɗinki yana ƙara.

Aka yi abin da ake yi. Mutane suka cika gida, suka ce ta yi ƙoƙari, Allah ya ba ta lada, suka watse. 'Yarta ta zo ta koma. Allura ta ci gaba da ɗinki, tana ci tana sha, tana amsa gaisuwa. Abu ɗaya ne ya ƙi barinta: safiyoyin nan da yake roƙo yana riƙe da mayafinta.

An daɗe kafin ta sake hawa matattakalar nan ta saman shagon taya. Koci ta hango ta a madubi, ta kashe kiɗa. Labari ya riga ya iso mata. Ta zo ta riƙe hannuwanta biyu ta yi mata ta'aziyya, muryarta ba irin ta da ba.

"Ya ce in zo da safe," in ji Allura. "Sau nawa yana faɗa. Ina nan ina rungumar yashi, shi yana can yana ƙarewa. Da na sani da ban..."

"Mama, ni ma ban tambaya ba. Kullum ina ƙara jaka, ban taɓa cewa ki je ki duba mutumin ba. Aikina ne in tambaya."

Allura ta girgiza kai. Ba ta zo ɗora wa kowa laifi ba, kuma ba ta zo a sauke mata nata ba. Ta dubi lungu. Buhun yana nan a jingine, ya rame, an kwashe jakunkunan ana wani aiki da su.

"Mayar masa da su."

"Duka?"

"Duka. Yadda yake."

Koci ta tattaro jakunkunan daga inda suke warwatse, ta zuba su ɗaya bayan ɗaya, ta zuge zif. Su biyu suka ja shi zuwa bakin benci. Koci ta ɗauko kujera ta ajiye a gefe, inda ake zaunar da shi.

Allura ta cire mayafi ta ninke. Ta ware ƙafa, ta durƙusa, ta zagaya hannuwanta. Da ƙyar yatsunta suka haɗu a baya, kamar yadda suke haɗuwa shekara da shekaru in ya dawo daga doguwar tafiya ta tare shi a bayan ƙofa. Ta ce bismillah, ta tashi. Nauyin ya sauka a ƙirjinta, ya danna ƙafafunta cikin robar, cikakke, na mutum mai lafiya mai ƙatuwar murya. Ta kwantar da kumatunta a kan tsattsagaggiyar fatar, ta rufe ido.

Ba ta juya wajen kujerar ba. Cinyoyinta suka fara rawa, gumi ya tsattsafo mata a wuya. Koci ta buɗe baki za ta ce ta zaunar da shi kada ta ji wa bayanta, sai ta fasa. Ta zagaya ta tsaya a bayanta, ta dafa tsakiyar bayan da tafin hannu.

"Ina nan, Mama," ta ce. "Riƙe shi."